Na fita daga gidansa, amma tsoronsa bai fita daga raina ba

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri, Allah ya ƙara basira.

Ni mace ce 'yar shekara 31, daga Zariya. Na yi shekara 9 a gidan miji, muna da yara biyu, mace mai shekara 7 da namiji mai shekara 4. Ba zan yi masa ƙarya in ce kullum dukana yake yi ba, sau biyu ya taɓa ɗaga min hannu. Amma tsawa da gori da zagi a gaban yara, su ne abincina safe da dare. Wayata sai ya bincika kafin ya kwanta. Gidanmu da ake zuwa da ƙafa, sai in yi wata huɗu ban leƙa ba. In gishiri ya ɗan zarce a miya, ranar har iyayena sai sun sha zagi. Na yi yaji sau uku ana mayar da ni. Daga ƙarshe na kai ƙara, ya ce ba zai sake ni ba sai na biya shi. Na sayar da sarƙata da ɗan kunne na mayar masa da sadakinsa, alƙali ya raba mu ta hanyar khul'i. Yau wata 8 ke nan. Na gama idda tuni, ina gidan mahaifina da yarana, ina ɗan taɓa ɗinki.

Ranar da na karɓi takardata na ɗauka shi ke nan na huta. Wallahi Anti ban huta ba. Da magariba in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, hannuna ya kama rawa, alhali na san ƙanena ne ya dawo daga kasuwa. In na yi miya sai na ɗanɗana sau huɗu sau biyar, ga shi ba mai yi min faɗa. Har yanzu ina goge saƙonni a wayata, ko da na yayata ne. Kwanaki na je kasuwar Sabon Gari sayen atamfa, na tsaya na kasa zaɓa, abin da kawai nake ji a kaina shi ne muryarsa yana cewa wannan kalar ta 'yan iska ce. Haka na dawo da kuɗina. Da daddare kuma sai in tsinci kaina ina leƙa hotunan da yake ɗorawa a WhatsApp.

Yanzu ya fara turo mutane wai yana son kome. Baffana ya ce in koma saboda yara, kuma zaman bazawara a gida abin magana ne. Mahaifina ya ce shi ba zai tilasta min ba, mahaifiyata kuma ba ta cewa komai sai kallo. Wata ƙawata ta ce yanzu na samu 'yanci, in yi kwalliya in fita in ji daɗin rayuwata, in daina zama kamar mai takaba. Ni kuwa ko wanne ba na jin sa a raina. Anti, mene ne 'yancin nan da ake faɗa? In dai a gidan ubana ma a ɗaure nake, ba gara in koma inda na fito ba, ko don yaran nan? Ko dai ba ni da lafiya ne?

Taki, wata ƙanwarki daga Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne wurin atamfar nan, da kika tsaya a gaban mai shago da kuɗinki a hannu, kuɗin da idonki da bayanki suka sha wahalar keken ɗinki kafin ki same su, amma kika juya gida hannu rabbana saboda muryar mutumin da ba ya kasuwar ma.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai hana barci. Hankalinki ƙalau yake. Za ki haɗu da masu ce miki faɗuwar gaban nan alama ce ta har yanzu kina son sa, wasu kuma za su ce asiri ya yi miki, a nemo mai karyawa. Kada ki biye musu. Hausawa sun riga sun gama bayanin abin da ke damunki tun da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani mai gadi a cikin ƙwaƙwalwa wanda aikinsa ke nan, ya haddace duk abin da ya saba zuwa gabanin cuta, ƙara ce ko wari ko lokaci, da ya sake jin sa sai ya buga ƙararrawa. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, hannu ya yi rawa, baki ya bushe, duk don jiki ya shirya gudu ko kare kai. Wannan mai gadin kuwa ya fi tunani sauri. Kafin hankalinki ya ce ai ƙanena ne, shi ya riga ya buga. Yi lissafi da kanki: shekara 9 ta haura magariba 3,000, kuma a yawancinsu tsayuwar babur na nufin tashin hankali ya iso. Wata 8 kuwa magariba 240 ce ko kusa da haka. Jikinki ya yi dogon karatu a wancan gida, a nan kuwa ko izu ɗaya bai kai ba. Alƙali yana iya raba aure a zama ɗaya, amma ba shi da hatimin da zai buga wa wannan mai gadin ya ce masa an tashi.

Kin tambaye ni mene ne 'yanci. Kalmar kanta ta fito ne daga ɗa da 'ya. A Hausar da, in an ce wane ɗa ne, ko wance 'ya ce, ana nufin ba bawa ba ne, ba wanda ya mallake shi. Shi ya sa a Sakkwato da Nijar za ki ji ana cewa ɗiyauci. To a zamanin bauta akwai wani tsari da ake kira murgu. Ubangidan bawa yakan ƙyale shi ya tafi ya yi sana'arsa, ya yi dako ko rini ko noma ko fatauci, ya kwana inda ya ga dama, da sharaɗin duk lokacin da aka yanka zai kawo wani adadi na kuɗi ya ajiye. Wanda ya gan shi a kasuwa zai rantse ɗa ne, yana ciniki yana dariya. Amma murgu ba ya ƙarewa, kuma ba ya rage komai daga bautar. Ko shekara 20 ya yi yana biya, bawa ne. Abin da ke fitar da shi daban ne, shi ne fansa, ya tara kuɗin kansa ya biya gaba ɗaya a shaida. Haka aka yi ta yi a ƙasar nan har bayan zuwan Turawa, sai a 1936 doka ta soke bauta kwata-kwata a Arewa.

Aure ba bauta ba ne, kada wani ya juya min magana. Sai dai wanda kika yi, yadda kika siffanta shi, ya kauce daga abin da Allah ya ce a yi, na zama da alheri ko rabuwa da kyautatawa. Kuma ke fansa kika biya. Ayar da ta halatta khul'i, ta 229 a Suratul Baƙara, da lafazin fansa ta zo, abin da mace ta fanshi kanta da shi. Sarƙarki da ɗan kunnenki sun tafi, an shaida, an rubuta. Ba ya bin ki ko sisi. Amma duk da haka kullum kina kai masa murgu. Ɗanɗanon miya na biyu da na uku da na huɗu murgu ne. Saƙon yayarki da kika goge murgu ne. Atamfar da kika bari a Sabon Gari murgu ce. Barcin da kike yankewa ki leƙa hotunansa, shi ne ma mafi tsada a ciki. Shi yana can bai ma san ana kawo masa ba. Ba zarginki nake yi ba, ƙanwata, wanda ya shekara 9 yana biyan haraji don ya kwana lafiya ba zai daina a dare ɗaya ba. Ina so ne ki ga abin da sunansa, don abin da aka ga iyakarsa ya fi sauƙin kamawa a kan wani duhu da ya rufe rai gaba ɗaya.

Ina yarinya, wata ƙanwar mahaifiyata ta dawo gidanmu bayan aurenta ya mutu. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, amma in tana tafiya a tsakar gida sai ta bi jikin bango, kamar mai tsoron ta tare wa wani hanya. In abin dariya ya faru sai ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta su yi ta motsi, sauti ba ya fita. Rediyo kuwa sai ta manna shi a kunne ta rage murya har sai ka matso za ka san a kunne yake. Kakata ba ta taɓa ce mata ki saki jikinki ba. Abin da ta yi shi ne ta damƙa mata tukunyar gidan, ta ce daga yau abin da kika ga dama shi za mu ci. Na tuna ranar farko ta fi rabin sa'a tsaye a bakin madafa tana tambayar kowa me yake so, kakata ta hana kowa amsawa. Ta yi dambu. Gishiri ya yi kaɗan, muka ci, aka ce sannu da aiki, ba abin da ya faru. Na ga yadda ta zauna a gefe tana kallon bakin kowa, tana jiran abin da bai zo ba. Sai da aka yi damina biyu, wata rana ana daka a tsakar gida, wata maƙwabciya ta faɗi wata magana, sai muka ji wata irin dariya mai ƙarfi da ba mu taɓa ji ba, har kaji suka watse. Ita kanta sai da ta tsaya da taɓarya a hannu tana waige-waige. Kakata ta juya fuska ta share ido da gefen zani. Tun daga lokacin na san cewa fitowa daga gida daban, dawowa cikin jikinka daban, kuma na biyun ya fi cin lokaci.

Saboda haka ga abin da nake kira 'yanci, a iya fahimtata: ya zama in kin tsaya gaban abu biyu, ke ce mai zaɓa, da hankalinki da tsoron Allahnki, kuma ke ce mai ɗaukar abin da zaɓin ya haifar. Tsoro zai iya kasancewa a wurin, yana tsaye a gefe yana surutu, amma ba shi ne mai yanke hukunci ba. Wannan kuwa kamar jijiya yake, in an daɗe ba a motsa ta ba sai ta sandare, kuma da ƙaramin motsi ake farawa.

Ki fara da magariba, tunda a nan ciwon ya fi zama. Maimakon babur ɗin ya riske ki a ɗaki ke kaɗai, ki fito tsakar gida kafin lokacin, ki zauna kusa da mahaifiyarki ko ki ɗora ɗanki a cinya. In ƙarar ta zo gabanki ya faɗi, kada ki tashi, kada kuma ki yi faɗa da kanki. Ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, don dogon sakin numfashi yana rage gudun zuciya. Ki taka ƙasa da tafin ƙafarki ki ji sanyinta. Ki ce a ranki, nan gidan babana ne, wancan ƙanena ne. Ki bari idonki ya ga shigowarsa, ya yi sallama, ki amsa. Abin da kike yi shi ne koya wa mai gadin nan sabon karatu, cewa babur yana tsayawa kuma ba abin da ke biyo baya sai sallama. Ba ya koyo da lallashi ko hujja, da maimaici yake koyo. In ƙanenki mai hankali ne ki gaya masa, ya riƙa ɗaga murya da sallama tun daga zaure, ko ya kira sunan 'yarki. Za ki ga ranar da abin zai yi sauƙi, sai kuma wata ranar ya dawo kamar ba a yi komai ba, musamman in kin gaji ko an kawo miki maganarsa. Wannan ba komawa baya ba ne, haka warkewar take tafiya.

Miya kuma ki ɗanɗana sau ɗaya ki rufe tukunya. In ta yi gishiri a ci haka. Ina ma so wata rana ta yi gishirin, ki ga da idonki cewa rufin gidan bai faɗo ba. Saƙon yayarki ki bar shi ya kwana a waya. Lambarsa kuwa, tunda akwai yara tsakaninku ba zan ce ki yanke hanya gaba ɗaya ba, amma maganar yara ta bi ta hannun mahaifinki ko ƙanenki, ke kuma ki toshe inda kike ganin hotunansa. Mai ciwo ba ya warkewa yana ɓare ɓawon gyambo kowane dare.

Sannan ki koma Sabon Gari. Ki tafi ke kaɗai ko da 'yarki, kada ki ɗauki mai taya ki zaɓe. Ki nemi kalar nan da ya ce ta 'yan iska ce, ki dube ta da kyau ki tambayi kanki ko tana burge ki. In tana burge ki ki saya. In kuma kin duba kin ga ke ma ba ta yi miki ba, ki bar ta, kada ki saya don ki ba shi haushi, domin wadda ta sayi zani don ta ƙona ran wani har yanzu shi take yi wa ado.

Wannan ya kawo ni kan ƙawarki. Na yarda tana son ki, kuma tana da gaskiya cewa ba takaba kike yi ba. Kwalliya halal ce, ziyarar 'yan'uwa da zuwa biki da Islamiyya duk ki yi. Inda na rabu da ita shi ne ɗaukar cewa 'yanci shi ne mutum ya yi duk abin da ransa ya raya masa. Na ga mata da yawa da suka fito daga gidan ƙunci suka faɗa wannan ramin, suna yin abu don kawai a da an hana su, ko don labari ya kai wa tsohon miji cewa sun fi ƙarfinsa. Bayan shekara sai ka tarar sun gaji, ga bashi, ga zuciya ba ta sauka ba. Alƙur'ani ya yi maganar wanda ya riƙi son zuciyarsa abin bautarsa, a Suratul Jasiya aya ta 23, wato son rai ma ubangida ne, kuma murgunsa ba shi da araha. Mu Hausawa in muka ga macen da ba mu san sunanta ba sai mu ce baiwar Allah. Ki riƙe wannan suna da ma'anarsa. Baiwar da ke da Ubangiji ɗaya, wani ba shi da hurumin ya mallaki zuciyarta, ko miji ne, ko ƙawa, ko 'yan unguwa. In kin yi sujada ki daɗe, ki faɗa masa komai da Hausarki, har da fushin da kike jin kunyar faɗa wa mutane.

Su 'yan unguwar kuwa, da baffanki yake tsoron bakinsu, ki tuna lokacin da ake zagin iyayenki a kan gishiri suna ina. Suna nan, wasu ma suna jiyowa ta katanga. Gobe in kin koma aka ci gaba, za su ce ai ita ta so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu maganar kome, wadda ita ce ta gaggawa. Ki fara sanin matsayinki. Rabuwar khul'i ba irin sakin da miji ke cewa na mayar da ke ba ce. Ba shi da wata hanya zuwa gare ki sai da yardarki, da sabon sadaki, da sabon ɗaurin aure, kamar kowane manemi da ya zo daga waje. Akwai wani labari a cikin Sahihul Bukhari da nake so kowace mace ta sani. Barira baiwa ce a Madina, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta. Da ta samu 'yanci sai shari'a ta ba ta zaɓi a kan aurenta da mijinta Mugis, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa bin ta a baya yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa ya ce mata da ma ta koma masa. Sai ta tambaya: ya Manzon Allah, umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce to ba ni da buƙatarsa. Kuma aka bar ta a kan haka, ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Dubi tambayar da ta yi. Macen da jiya-jiya baiwa ce, ta iya bambance umarni da roƙo, a gaban mafi girman halitta. Baffanki yana da girma da haƙƙi a kanki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki saurare shi har ya gama, ki gode masa. Amma abin da yake yi ceto ne. Kina iya cewa, Baffa na ji, Allah ya saka da alheri, a ba ni lokaci, yanzu ban shirya ba. Ba sai kin kawo hujja goma ba. Kuma ki gode wa Allah da ya ba ki uban da ya ce ba zai tilasta miki ba, mata da yawa da ke rubuto min ba su da wannan gatan. Ki je ki zauna da shi ki gaya masa abin da kika gaya min, har da babur ɗin. Ita ma mahaifiyarki, shirun nan nata ina zaton magana ce cike da ciki, ki same ta bayan isha'i ku biyu ki tambaye ta me take gani.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: kada ki koma yanzu. Dalilin da kika kawo, wai tunda a nan ma a ɗaure kike gara can, shi ne ya fi tsorata ni. A nan abin da ke damunki amon abin da ya wuce ne, kuma kullum raguwa yake yi ko ba ki lura ba. A can kuwa mai yin amon ne da kansa. Ban ce mutum ba ya canzawa ba, Allah mai shiryarwa ne. Amma a wasiƙarki ban ga inda ya zo gaban mahaifinki ya ce na zalunce ta, na zagi iyayenta, na tuba ba. Turo mutane kawai yake yi, kamar yadda aka yi bikonki sau uku a baya, kuma kin san abin da kika tarar kowane karo. Ga ma'auni mai sauƙi: a wata 8 ɗin nan, yana aiko da abincin yaransa da kuɗin makarantarsu ba tare da an roƙa ba, ba tare da ya haɗa da sharaɗin ki koma ba? In kin ce a'a ga 'yan aikensa, zai karɓa da mutunci ko zai koma barazana? Amsar waɗannan za ta gaya miki fiye da abin da 'yan aike za su faɗa. In kuwa ya fara barazana, ko ta ƙwace yara ko ta wani abu, kada ki ɓoye, ki sanar da mahaifinki a ranar, a koma gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa kuma a kan uba take. In uwa ta yi wani aure, galibi riƙon yana komawa wajen kakarsu ta wajen uwa. Mutane da yawa ba su san haka ba saboda al'ada ta rinjayi ilmi, don haka ki nemi malamin da ya san fiƙihu ko lauya ya yi miki bayani daidai da halinki.

A kan cewa a koma saboda yara, 'yarki shekararta 7, ta isa ta haddace komai. Ta ga yadda uwarta ke daburcewa da magariba, ta ji sunayen da aka kira ki da su. Duk abin da ta ga kin haƙura da shi, shi za ta ɗauka ma'anar aure, ɗan'uwanta kuma ya ɗauka haka namiji yake yi. Yara suna buƙatar ubansu, kada ki hana su shi, kada ki zage shi a gabansu. Amma suna buƙatar uwa mai barci da dariya. In wata rana zuciyarki ta sauko kika yafe masa, alheri ne babba kuma ke za ki fi jin sauƙinsa, sai dai kada kowa ya sa ki gaggawa, kuma yafiya ba ta wajabta komawa.

Kekenki kuma ki riƙe shi da hannu biyu. Kin ce kina ɗan taɓa ɗinki, ni ina so ki daina ɗan taɓawa ki mai da shi sana'a. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mata da yawa ba so ne ke mayar da su gidan wuya ba, kuɗin sabulu da na maganin yaro ne, da nauyin ganin suna ci a tukunyar uba. Ki sa wa ɗinkinki farashi, ki faɗe shi ba tare da sunkuyar da kai ba, ki sayi littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ki shiga adashi da matan da kika yarda da su, ki riƙa sa wani abu a cefanen gida ko yaya yake. Kwasar farko in ta zo, ni da a ce za ki ji tawa, ɗan kunne za ki saya, ko ƙarami ne, ya maye wanda kika sayar.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki tsallake shi. In kin ga barci ya ƙaurace miki, ko mugayen mafarkai sun dame ki, ko abinci ya fita ranki, ko kin wayi gari ba abin da ke faranta miki har sama da mako biyu a jere, ko faɗuwar gaban nan tana ƙaruwa maimakon raguwa, to ki je asibiti. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya, a ranar za ki gaya wa mahaifiyarki ku tafi tare. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai likitoci da masana halayyar ɗan Adam da aikinsu ke nan, zama da wanda ya sha irin wahalarki suna bi da shi mataki-mataki, wani lokaci da magani, sau da yawa da magana kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa musu komai yadda kika faɗa min. Addu'a da azkar ki ci gaba da su, ba sa karo da ganin likita.

Allah ya sanyaya miki, ya raya miki yaranki, ya saka wa mahaifinki da alheri. Ki sake rubuto min nan da wata uku. Ina so in ji yadda kuka yi da Baffa, da abin da mahaifiyarki ta ce da kika tambaye ta, sannan ki gaya min kalar atamfar da kika sayo da irin ɗinkin da kika yi mata.